Akawun Lafiyar Baƙi a Mafara

Jiya ina zaune a shagon Lawali ɗan ƙanena, inda yake cike wa mutane fom ɗin inshorar lafiya a kwamfuta, na ji yana gaya wa abokansa wai aikin da na yi shekara da shekaru shi yakan gama irinsa kafin shayi ya huce. Ban tanka masa ba a gaban mutane. Amma yau tunda kun taru, ku gyara zama in gaya muku yadda aikin yake, sai ku auna da kanku.

Lokacin da ake aikin madatsar ruwa ta Bakolori, jami'ar da na yi wa aiki ta buɗe ɗan ofis a Talata Mafara, ɗaki uku da rumfar mota, saboda malaman ƙasashen waje da ke zuwa bincike. Wani ƙasar noma ya zo dubawa, wani sauro, wani kifi, wani kuwa zama kawai yake yi da manoma yana rubuta abin da sunka ce. Su yi wata uku, ko shida, ko shekara, su koma. Dokar jami'a ita ce ba baƙon da zai fita daji sai an tabbatar yana da inshorar lafiya mai aiki. Wato in ya kwanta ciwo akwai kamfanin da zai ɗauki nauyin maganinsa, in ciwon ya fi ƙarfin asibitin kusa a kai shi na nesa, in kuma ta Allah ta kasance a mai da gawarsa gida. Tabbatar da wannan ita ce sana'ata.

Ni ɗan Bakura ne. Ina jin Turanci gwargwado, na kuma koyi buga tafireta a hannun wani mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwa. Da anka ɗauke ni aiki sai anka haɗa ni da Baba Istifanus, mutumin ƙasar Zuru, tsohon akawun asibiti, gajere mai furfura, wanda ba ya ɗaga murya ko da ofis zai kama da wuta. Ranar farko ya miƙo mini takardar inshorar wani Bature, shafi huɗu, ya ce in karanta. Na zuba mata ido na ɗan lokaci, na ce na gama.

Ya ce, "Madalla. To in maciji ya sare shi a ƙauyen Kaya ranar Juma'a da rana, wa za ka fara gaya wa, kuma cikin kwana nawa?"

Na koma ina jujjuya shafukan ina nema.

Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko gilashin ƙara girman rubutu mai mariƙin katako ya ajiye a gabana. Ya ce, "Garba, manyan baƙaƙen ka karanta, su kuwa talla ce. Aikinka yana can ƙasa, cikin ƙananan."

Kwana uku na yi a kan shafi huɗun nan. A ƙananan baƙaƙen ne kamfani yake jera abin da ba zai ɗauka ba, kuma kowane kamfani da nasa. Wannan ba ruwansa da haƙori, wancan ba ruwansa da ciwon da mutum ya taho da shi daga gida, wani kuwa sai an sanar da shi kafin a taɓa mutum da wuƙa, in ba haka ba ya janye hannunsa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Tafireta ɗaya wadda wani harafinta ke maƙalewa sai ka janyo shi da farce. Takardar kabon, don kowace wasiƙa uku muke fitarwa: ta kamfani, ta jami'a, da wadda za ta zauna a fayil. Hatimi da tawadarsa, da allo a jikin bango inda muke rubuta sunan kowane baƙo da ranar da takardarsa za ta mutu. In saura wata ɗaya sai a zagaye sunan da jan alli. Ba mu da tarho a lokacin. Saƙon gaggawa sai ka shiga mota zuwa Gusau ka buga waya ga wakilin kamfani a Legas, ana lissafa maka kalma kalma, shi ya sa na koyi faɗin babbar magana da kalma goma.

Abin da na fi alfahari da shi wani ɗan kati ne da muke ba kowane baƙo, mu naɗe a leda ya sa a aljihun gaba. A jiki akwai sunansa, da irin jininsa, da maganin da jikinsa ba ya karɓa, da inda za a kai shi. Baba Istifanus da Turanci yake bugawa. Na ce masa, "Baba, in mutumin nan ya faɗi a bayan Jangebe, ba likita ne zai fara tsintarsa ba, manomi ne ko makiyayi." Ya dube ni ya ce to mi ke nan. Na ce a juya bayan katin in rubuta da ajami. Ya yi murmushi ya tura mini kwalin katunan gaba ɗaya. Daga ranar ya daina duba wasiƙuna kafin in buga hatimi.

Akwai wani Bature ɗan Holan da mutane sunka sa wa suna Dogo Mai Rami, don aikinsa haƙa ramuka a gonaki yana shiga yana kallon launin ƙasa. Satinsa ɗaya ya je Gusau ya sayo babur sabo fil. Na ɗauko takardarsa na sa gilashi, sai ga shi ƙuru-ƙuru: duk raunin da anka samu a kan babur ba ruwan kamfani. Na fita na zare makullin na sa a aljihu. Ya biyo ni ofis fuskarsa ta yi ja kamar gauta, yana cewa shi ba yaro ba ne, ya hau babur tun kafin a haife ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ce ba ka iya ba. Ramin hanyar Maradun ne bai san ka iya ba. Bari in rubuta a ƙara maka babur a takarda, amsa na zuwa zan ba ka makullinka."

Amsar sai da ta yi sati uku. Motar ofis takan sauke shi a Kaya da safe, amma tsakanin gona da gona da nisa, sai Sarkin Noma ya ara masa jaki. Kafin ya hau ya aiko a tambaye ni, cikin gatse, ko jakin ma haramun ne. Na duba da gaske. Sun hana sukuwar doki, sun hana hawan dutse, sun hana nutso a teku. Jaki bai zo musu a rai ba. Na aika masa cewa ya hau lafiya. Mutanen Kaya sun daɗe suna ba da labarin Baturen da ke bisa jaki ƙafafunsa na jan ƙasa, shebur a kafaɗa, yana gaishe da kowa da "Ina gajiya?" Da amsa ta zo na kai masa makullin, ya yi dariya ya ce ya saba da jakin, babur ɗin ya tsaya na zuwa kasuwa.

Aikin da ya fi kowane zama a raina shi ne na Dokta Nabila, 'yar ƙasar Masar. Ta zo binciken katantanwar da ke kawo tsargiya, cutar nan ta fitsarin jini, don tun da anka saki ruwa a magudanu yara sunka fara kamuwa. Kullum tana bakin ruwa da dogon takalmin roba da rariya, har anka sa mata suna Uwar Katantanwa. Da mijinta ta zo, Malam Yusri, malamin Larabci ne a ƙasarsu, ya ajiye aikinsa ya rako ta. Shi ke zuwa kasuwa, shi ke dafa musu abinci, da la'asar kuma dattawa su kewaye shi a ƙofar masallaci suna ɗaukar karatu.

Tun ranar farko fom ya ba ni aiki. Akwai gurbin baƙo, akwai gurbin matar baƙo, babu gurbin mijin baƙuwa. Wanda ya tsara fom ɗin bai taɓa tunanin mace ce za ta zo bincike namiji ya biyo ta ba. Da na rubuta Malam Yusri a gurbin mata, ranar da ya yi ciwo sai su ce ba su san shi ba. Sai da na rubuta wasiƙa biyu kafin su aiko da takarda mai sunansa.

Gidan da jami'a ta kama musu katanga ɗaya ce tsakaninsa da nawa, don haka maiɗakina, Inna Rabi da kunka sani, ta saba da Dokta. Tana koya mata Hausa da dama fura, ita kuma tana koya mata wata miyar ganye tasu mai yauƙi. Wata rana ina cin tuwo Rabi ta ce, "Malam, ka kuwa lura baƙuwarka juna biyu gare ta?"

Na ce, "Ita ta gaya miki?"

Ta ce, "Sai an gaya mini? Sati biyu ke nan ko warin daddawa ba ta so."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na san takardar Dokta kamar tafin hannuna. Kamfaninta ba ya ɗaukar haihuwa sai an sanar da shi kafin ciki ya cika wata huɗu. In an wuce, ita da abin da ke cikinta ba su da kowa.

Ku da kuke ganin aikin nan sauƙi, ku gaya mini yadda matashin magidanci ɗan Bakura zai dubi matar wani, malama, baƙuwa, ya ce mata cikinki wata nawa. Kwana biyu ina shiga ɗakin bincikenta in gaishe ta, in tambayi lafiyar katantanwa, in fito. A rana ta uku Baba Istifanus ya ce, "Garba, kunyarka mai kyau ce, amma kamfani ba ya karanta ta. Kwanaki yake ƙirgawa."

Sai na zauna na buga tambayar a tafireta, na ninke takardar, na je na ajiye a kan teburinta na koma bakin ƙofa ina kallon ƙasa. Ta karanta, ta fashe da dariya har tana riƙe tebur. Ta ce, "Malam Garba, har da hatimi?" Ashe don sabo na buga hatimi a ƙasa ban sani ba. Ta ce gaskiya ne, kuma ita ta ɗauka takardarta ta haɗa da komai. Munka ƙirga tare, saura kwana biyar wa'adin ya cika. Ko azahar ban jira ba na shiga motar Gusau. Amsa ta zo a kan lokaci, an amince.

Baba Istifanus ya yi ritaya ba da daɗewa ba, ya koma gida ya bar mini gilashin da makullin kabad. Bayan tafiyarsa ne munka shiga muguwar shekara. Kun ji labarin rikicin gonaki, manoman da ruwa da aikin dam sunka cinye musu ƙasa sunka tare hanyoyi suna neman haƙƙinsu, abin ya ƙare da asarar rayuka. Gonar kawuna tana ƙarƙashin ruwan nan har gobe. Ba wannan na zauna ba ku ba yau. Abin da ya shafi tebur ɗina shi ne baƙi sunka watse, allon bango ya koma suna biyu, Dokta da mijinta. Ita cikinta ya tsufa, jirgi ba zai ɗauke ta ba.

Sai ga wasiƙa daga kamfani cewa yankinmu ya zama wurin tarzoma, don haka sun ɗage hannunsu daga duk wanda ya zauna. Malam Yusri ya zo ofis da wasiƙar a hannu. Na ce ya zauna, na ɗauko asalin takardar na sa gilashi. Na bi layi layi har na iso wurin. Ba a ce wanda ke zaune a wurin tarzoma ba, cewa anka yi ciwon da tarzoma ta haddasa. Na buga musu amsa gajera, na kawo lambar layin, na ce haihuwar da ake jira tun kafin rikici anka sanar da ku ita, kuma ba tarzoma ce ta haddasa ta ba. Na sa shugaban sashe na jami'a ya sa hannu. Sati biyu muna jira, sannan sunka aiko da takardar lamuni ga asibiti. Na sa ta a leda na ɗinke a cikin aljihun rigata, don kada ranar buƙata in tsaya neman makulli.

Naƙuda ta zo kafin lokacinta, kuma ranar Talata da hantsi, kasuwa ta cika ta batse har kan titi. Raƙuma, jakuna, motocin albasa, ga shingayen jami'an tsaro a hanya. Rabi ta yafa mayafi ta shiga bayan motar ofis ta rungume Dokta, Malam Yusri a gefe yana ta addu'a, ni a gaba kusa da direba na fito da rabin jikina ta taga ina roƙon mutane su ba da hanya. Da sunka ji Uwar Katantanwa ce, wasu mahauta sunka bar rumfunansu sunka shiga gaba suna korar dabbobi har munka fita gari. A kowane shinge in nuna takarda in yi bayani. Rabi kuwa tun daga Mafara har Gusau ba ta saki hannunta ba.

A asibiti likita ya duba ya ce sai an yi aiki. Na farke aljihu na miƙa takardar lamuni, ba a ɓata lokaci ba. Kafin la'asar anka ciro 'ya mace. Uwa lafiya, amma jaririyar 'yar mitsitsiya ce, numfashinta sama-sama. Likita ya kira ni gefe ya ce sai an kai ta babban asibiti a Zariya inda ke da kwalbar jarirai, da motar asibiti da ma'aikaciyar jinya, kuma za ta daɗe a can.

Jaririyar nan ba ta cikin kowace takarda. Sharaɗin kamfani shi ne jariri yana shiga inshorar uwarsa in an aika cikakken sunansa da ranar haihuwarsa cikin kwana biyu. Na sami Malam Yusri a gindin wata bishiya na yi masa barka, na ce ina son sunan yarinya.

Ya girgiza kai ya ce, "Malam Garba, a gidanmu ba a furta sunan jariri sai ranar bakwai. Haka kakana ya yi, haka ubana ya yi. Yarinyar nan da ƙyar take numfashi, ba zan fara da saɓa wannan ba."

Na ce, "Malam, mu ma nan haka muke, ban zo in karya muku al'ada ba. Ka yi mata huɗuba?"

Ya ce, "Na yi."

Na ce, "To sunan ya riga ya shiga kunne ɗaya. Ka sa shi a kunne na biyu. Daga ni sai takarda, kuma na yi maka alkawari ko matata ba za ta ji ba."

Ya waiga ya ga ba kowa kusa. Sannan ya kama kafaɗata ya sunkuyo ya raɗa mini. Na ɗago na dube shi, ya ɗora yatsa a leɓensa.

Na isa gidan waya saura kaɗan a rufe. Na cike takardar saƙon ina kare ta da hannu kamar ɗalibi a jarrabawa. Ma'aikacin da zai buga wani Kirista ne mai fara'a, na ce ya yi mini alkawari bai ga komai ba. Ya ce shi kalmomi yake ƙirgawa, ba ya karantawa. Washegari amsa ta zo, yarinya ta shiga takarda, motar asibiti ta ɗauke ta. Kwana huɗu bayan nan likitocin can sunka aiko cewa numfashi ya daidaita, ta fara karɓar nono.

Wahalata ta gaske a gida take. Rabi ta san na san sunan, don direba ya ga an yi mini raɗa. Da safe ta tambaya, da rana ta tambaya. Ta ce, "Malam, ni na riƙe matar nan tun daga nan har Gusau, hannuna har yanzu ciwo yake, a ce ka sani ni ban sani ba?" Na ce sirrin ofis ne. Ta yi mini dambun nama, na ci na yi godiya ban faɗa ba. Ta daina yi mini magana yini guda. Ta turo yayata, ta turo matar liman. Ta ce ko harafin farko in gaya mata, na ce ko ɗigo.

Ranar suna Malam Yusri ya dawo Mafara, ya ce a nan za a yi, ko da uwa da 'ya suna asibiti. Ya sayi rago, anka shimfiɗa tabarmi a filin ofis bayan sallar asuba. Na zaci mutum ashirin za su zo, don garin yana cikin makoki. Sai ga dattawan da ke ɗaukar karatu, ga mahauta, ga ma'aikatan coci abokan Baba Istifanus, ga iyayen yaran da Dokta ta gano musu tsargiya tun daga Bakura da Maradun, har da Sarkin Noman Kaya. Tun da anka yi rikici ban ga mutane sun taru suna dariya ba sai ranar. Mata suna cikin gidana, Rabi ce a kan tukwane.

Anka raba goro, liman ya yi addu'a, ya sunkuya Malam Yusri ya gaya masa, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Sunan yarinya Rabi'atu."

Maroƙi ya ɗauka ya kai ƙofar gida. Na ji guɗa ta tashi, sannan na ji ƙarar murfin tukunya ya faɗi. Da jama'a sunka ragu na shiga ciki, na tarar da Rabi zaune a kan turmi ta rufe fuska da mayafi, mata na ta yi mata barka da takwara. Tana jin sallamata ta yaye mayafin, ido jawur, ta ɗauki ludayi ta nuna ni da shi.

Ta ce, "Kwana shida! Kwana shida kana cin tuwona da sunana a bakinka!"

Tana ciki yanzu haka. Ku shiga ku tambaye ta ko ta yafe mini.